Bututun Injin Niƙana

A shekarun fari, lokacin da soja ke mulki, ina da injin niƙa a Tasawa. Geron gida ya ƙare, sai jar dawar taimako mata ke kawowa, mai tauri kamar tsakuwa. Injin ya yi ta jijjiga har bututun hayaƙinsa ya tsage daidai mahaɗinsu. Sau uku ina kiran mai walda ya liƙe, sau uku yana sake tsagewa. A na ukun na zage shi tas.

Maƙwabcina, wani tsohon makanike, ya ji faɗan. Ya ɗauko mani guntun bututu mai ninki-ninki kamar maƙogwaron raƙumi, wanda ya cire daga wata matacciyar mota.

Ya ce, "Malam, ƙarfe in ya ɗau zafi miƙewa yake. Ka kafe shi tam, ina kake so ya je?"

Ya hana a kai wuta kusa da ninkin, wai bai da kauri, zai ɓule. Ya zura bakin guntun ɗaya a injin, ɗaya a bututun, ya ɗaure kowane da zoben ƙarfe da noti, ya bar tsakiyar a sake. Da na tada injin na ga abin yana rawa, na kai hannu in ƙara matsewa, ya buge mani hannu.

Haka guntun ya yi ta rawarsa, bai tsage ba, har ruwan sama ya dawo, muka niƙa sabon gero. Ranar na sayi goro na kai wa mai walda. Aikinsa bai da laifi. Ni ne kullum ke tsaye a kansa ina cewa ya ƙara ƙarfi.