Muryar Baba a Kaset

Daminar da ɗakin Baba ya fara yoyo na zo hutu gida Rano, sai na tarar an shirya sauya kwano. Inna ta ce tunda Allah ya kawo ni, in taya ta fitar da kaya. A ƙarƙashin gado muka jawo wata adaka duk ta yi tsatsa. Na zaci tsofaffin tufafi ne, ashe kaset-kaset ne maƙil, an lulluɓe su da wani koɗaɗɗen zani. Kowanne da rubutun Baba a jiki: kalangu, garaya, kiɗan biki. Guda ɗaya kuma an rubuta masa "Gayya, Durba" kawai.

Baba tela ne da ya daɗe da ajiye keke, mutum ne marar yawan magana. Tun da na taso ban taɓa jin ko fito ya yi ba. Na same shi a zaure na ce, "Baba, waɗannan fa?"

Ya leƙa, ya kau da kai. "Tarkace ne, ku zubar."

Da na koma ciki Inna ta riƙo hannuna. "Kar ki kuskura. Gwaggonki har yanzu tana da rediyo mai cin kaset. Kai mata."

Gwaggo yayar Baba ce, a Kibiya take aure. Washegari na ɗaure kaset-kaset ɗin a buhu, na hau acaɓa. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Tana ganin abin da na zazzage a tabarma ta ture faranti gefe, ta shiga ɗaki ta fito da rediyon rungume kamar jariri. Muka sa batir. Na farko da muka saka sai rediyon ya tauna shi. Gwaggo ko a jikinta, ta zaro zaren a hankali, ta zura biro a ramin ta naɗe shi tsaf.

Da kalangu ya tashi, sai ga ni a shagon Baba ana gobe sallah. Na ji ƙamshin gawayin dutsen guga da na sabuwar shadda, ga ƙarar keke tana bin kiɗan, ga ni a ƙasa ina tsintar ƙyallaye ina yi wa 'yar tsanata riga. Shekaru ban tuna wannan ba.

Kafin a juya kaset ɗin gida ya cika. Maƙwabciyar Gwaggo, wata Bafulatana, ta sauke ƙwaryar nononta a ƙofa ta ce, "Kai, Hajiya, wa ya tono mana wannan?" Gwaggo mai kukan ciwon gwiwa kullum ta miƙe ta gyara ɗaurin zani, ta taka har sai da ɗankwalinta ya faɗi. Kowane kiɗa da labarinsa: wannan a bikin wance aka sa shi, wancan shekarar da gero ya yi kyau har rumbu ya kasa ɗauka.

Can na saka na gayyar. Gangar noma ce da ihun maza, ana jin saran garma daga nesa. Sai wata muryar saurayi ta shigo, siririya mai zaƙi, tana koɗa manoma ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa wanda aka bari a baya ba'a. Gwaggo ta zauna daɓas tana dariya har da hawaye.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ba ki gane shi ba? Ubanki ne!"

Na ce ba zai yiwu ba. Ta share ido ta ba ni labari. Samari ne suka taru noman gonar kawunsu a Durba, mawaƙin da aka gayyato muryarsa ta dushe tun hantsi. Aiki ya fara sanyi, sai Baba ya jefar da garma ya tsaya kusa da makaɗi. Wani abokinsa mai rikoda ya ɗauka. "Kuma uwarki tana cikin 'yan matan da suka kawo kunu," in ji Gwaggo. "Shi ya sa bakinsa ya buɗe."

Ba sai na roƙe ta ba. Kashegari ta saka mayafi, ta ɗauki rediyonta, muka taho Rano tare. Muka jira har aka idar da la'asar, muna jin takun Baba a zaure na danna kaset ɗin gayyar.

Ya tsaya a bakin ƙofa, carbi a hannu. "Wane ne wannan yake ta ihu?"

"Wani ƙanena ne marar kunya," in ji Gwaggo. "Zo ka zauna."

Ya zauna a gefen tabarma yana ɓata rai, amma ina kallon babban ɗan yatsan ƙafarsa yana bin ganga. Ana cikin haka wata guɗa ta tashi a kaset ɗin, doguwa. Inna ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce, "Wannan tawa ce."

Baba ya juyo ya dube ta. "Ke ce? Duk shekarun nan ban sani ba."

"Ka taɓa tambaya, Malam?"

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa ji ba. Ya ce in mayar da kaset ɗin baya kaɗan, ya saurara da kai a sunkuye, sannan ya girgiza shi. "A nan makaɗin ya yi sauri, ya sa na haɗiye rabin baitin. Ba haka yake ba."

"To yaya yake?" in ji Gwaggo.

Ya gyara murya sau biyu. Muryar ta yi kauri, tana ɗan rawa, amma ya rera baitin har ƙarshe, Gwaggo tana buga masa bayan faranti.