Sista Raɗa da Kunnen Hagu na Girgiza

Mutum uku ne suka shigo da shi ranar Laraba. Yayyensa biyu na riƙe da kafaɗunsa, matarsa na biye da goyo a baya da kwalbar man girki a hannu, kamar an ce ta zo da shaida. Shi kuwa ya danne kunnen dama da tawul, yana ihu wai don Allah a kashe injin nan. Babu injin da ke aiki a ɗakin. Fanka ma tun safe ta tsaya.

Sista Raɗa ba ta tashi ba. Ta ƙarasa rubutu a katin wata tsohuwa, ta rufe biro, ta ɗaura fitilar goshinta, sannan ta nuna kujerar ƙarfen da ke bakin taga. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana nuna wa mutane kujerar nan a ɗakin duba kunne na ƙaramin asibitin unguwa. Saura kwana tara ta ajiye aiki, kuma da safen nan ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara yi wa kowa faɗa ba har ta tafi. Alkawarin bai kai azahar ba.

Wanda bai san ta ba, ga ta nan: gajera, mai farin takalmin roba da ya sha wanki, bakwai saura kwata tana bakin ƙofa. Kafin mai yankan kati ya gama hamma ta tafasa kayan aikinta, ta jera su a kan farin ƙyalle, ta goge kwalbar da ke kan teburinta. Kwalbar nan ita ce tarihin unguwar. A ciki akwai kan ashana, guntun auduga, murfin biro, dutsen ado, ƙwayar wake, da ƙarshen makullin babur, duk daga kunnen mutane masu hankali. Ba ta ɗaga murya, shi ya sa aka sa mata Raɗa. Idan ta yi magana ba ka ji ba, ba ta maimaitawa da ƙarfi. Sai ta rubuta wani abu a katinka, ta dube ka ta saman tabarau.

Ta ɗage tawul ɗin. Kunnen ya kumbura ya yi ja, mugunya na tsiyaya haɗe da mai, har da warin tafarnuwa. Ta tambayi wanda ya yi wannan girkin. Babban yayan ya ce shi ya ba da shawarar a ɗumama man, don haka aka yi wa wani abokinsa ya warke. Ƙaramin ya ce shi tafarnuwar kawai ya kawo. Matar ta ce ita dai ta hana, ba a ji ba, kuma kafin man ma, sati biyu maigidan na sosa kunnen da makullin mota, wai yana so ya fito da abin da ke kuka a ciki.

"Ya fito?" in ji Sista.

"Jini ne ya fito, Mama."

Ta ɗauki katin don ta ga sana'arsa. Da ta karanta, sai ta cire tabarau ta ajiye a hankali. Mai kayan sauti. Ta tambayi matar ko shi ne ake ce wa Girgiza. Matar ta sunkuyar da kai.

Shekara guda Sista Raɗa tana neman mutumin nan ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Kowace Litinin bencinta cike yake da mutanen da kunnensu ke ƙara: 'yan mata da sauran kwalliyar ranar Asabar a hannu, direbobi, wata kaka da aka zaunar a gaban sifika don a girmama ta. Kowa da irin nasa, wani ya ce kamar sauro, wani ya ce kamar tukunya na tafasa, wani ya ce kamar an bar rediyo ba tasha. Duk maganin ɗigawa suke so, ko allura, don a ganinsu ciwon kunne ne ya kama su. Ita kuma ta leƙa ta ga kunne fes, ba kumburi ba ruwa. Sai ta fara yi musu tambaya ɗaya da babu ita a kati: wa ya sa muku kiɗa? Mai yankan kati shaida ne, cikin mutum goma, bakwai sunan Girgiza suke kira.

Ga shi yau Allah ya kawo mata shi har kujera.

Ta wanke kunnen tukuna, don aiki daban, haushi daban. Ta tsotse man da mugunyar da ƙaramin bututu, yana zillo tana danne masa kai da tafin hannu ɗaya. Ta leƙa da kyau. Dodon kunnen bai fashe ba, Allah ya rufa asiri, fatar hanyar ce makulli ya yayyage har ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Ta gaya musu wannan mai sauƙi ne, maganin ɗigawa na kwana goma, kada ruwa ya shiga, kada makulli ya shiga, kada yaya ya shiga. Girgiza ya saki ajiyar zuciya, ya tambaya da ƙarfi ko ke nan ƙarar ma za ta tafi kafin Asabar, don yana da taron yaye ɗalibai.

Ta ce ciwo biyu ya zo da su, ɗaya kawai maganin zai taɓa.

Bai yarda ba. Ya ce shi da kunne yake ci, shekara goma sha biyu yana saita sauti, ko waya ɗaya ta yi sanyi a cikin kayansa yana ji. Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki su yi magana, har matarsa ta koyi ƙunƙuni. Kayan ma sun fara tsufa, kullum sai ya ƙara musu murya kafin su fito yadda ya saba.

A nan ne alkawarin safe ya ƙarasa mutuwa. Ta tambaye shi inda yake kafa teburinsa. Ya ce jikin babbar sifika mana, ta hannun dama, don ya ji abin da mutane ke ji. Ta ce to ba kayan ne suka tsufa ba. Kunnensa ne ke dushewa, yana ƙara murya don ya cike abin da ya rasa, ƙarin na ƙara cinye kunnen, shi kuma ya sake ƙarawa, a tsakani ita ce ke karɓar mutanen da ya gasa duk Litinin. Yayyen suka yi dariya. Ta dube su sau ɗaya, dariyar ta koma ciki.

Sannan ta yi abin da aka san ta da shi. Ta sa matar ta tsaya a bayansa, tazarar hannu ɗaya, ta toshe masa kunnen dama mai ciwo da yatsa, ta ce matar ta faɗi duk abin da take so da muryar da take magana a gida. Matar ta yi magana a hankali. Ta ce ranar Lahadi ta bar masa jaririyar ta tafi kanti. Da ta dawo tun daga bakin layi take jin kukan yarinya, ta tarar ta faɗo daga gado muryarta har ta dushe, shi kuma yana zaune a falo yana naɗe wayoyinsa, ƙofa a buɗe.

Kowa a ɗakin ya ji. Girgiza ya waiwayo ya ce ta fara mana, me take jira.

Sista ta sa ta matso daf da kunnen hagu ta sake faɗi. Wannan karon ya kama rabi, rabin kuma ya isa. Ya juya ya dubi goyon da ke bayan matarsa.

"Ɗana," in ji Sista Raɗa, ta matso saitin hagunsa, "na daman ban san nawa zai dawo ba, sai likita ya auna. Ƙarar nan ma ba zan yi maka ƙaryar za ta tafi ba. Wannan na hagun shi ya rage maka, kuma shi ma ya fara. Ko ka ji taro da shi, ko ka ji 'yarka."

Ya karɓi magani, ya karɓi matosan kunne na roba, ya karɓi takardar zuwa awon ji, ya yi godiya har da rusunawa. Ta san irin wannan godiyar. Shekara talatin da ɗaya tana ganin ta, tana ƙarewa a bakin get.

Don haka ranar Asabar da la'asar, ranar hutunta, ta sa mayafi ta ɗauki jaka ta tafi ɗakin taron. Tun daga titi take jin kiɗan a ƙirjinta. Mai gadin wurin ya ba da labarin cewa ya so ya tambaye ta katin gayyata, da ta dube shi sai ya buɗe mata ƙofa biyu. Ta tarar da Girgiza inda ta zata, jikin sifika, ya dai juya ne kawai: kunnen dama da auduga, na hagun ya miƙa wa sifikar. Matosan suna aljihu.

Ba ta ce masa komai ba, don ko ta ce ba zai ji ba. Ta zare wayar wuta. Ɗakin ya yi tsit, iyaye ɗari biyu suka waiwayo, shugabar makarantar ta taso a fusace, sai ta gane matar da ta cire wa jikarta dutsen ado daga kunne bara, ta koma ta zauna. Sista ta sa yayyen nan biyu, da suka zo ɗaukar kaya, suka kinkimi teburin zuwa ƙarshen ɗaki. Ta tura masa matosan da hannunta. Ta kira wata uwa daga cikin baƙi ta tsayar da ita tazarar hannu ɗaya, ta ce ta yi ta ba ta labari, shi kuma ya kunna ya dinga ragewa. Ya rage, ta girgiza kai. Ya sake ragewa yana cewa wallahi an kashe masa suna, wannan ai ba kiɗa ba ne, gaisuwar mara lafiya ce. Sai da ta ji labarin matar nan ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, sannan ta ɗaga hannu. Ta buɗe jaka ta ciro filastar ɗaure ciwo, ta yanka, ta manna a kan na'urar sautin daidai inda maɓallin murya ya tsaya.

"Kunnenka ba abin yarda ba ne yanzu," ta ce. "Filastar nan ita ce kunnenka."

Aka yi rawa, aka yaye ɗalibai, ba wanda ya mutu. Ranar Litinin mutum huɗu ne kawai a bencinta, har mai yankan kati ya leƙa waje ya ga ko an rufe hanya.

Ke ce, Sista, kika share shekara talatin da ɗaya kina leƙa ramin da bai kai yatsa faɗi ba, kina ganin gangancin gari duka a ciki. Ke ce kika hana mutane maganin da suka zo nema, suka fita suna zaginki, kika ƙi ba su don ba shi suke bukata ba. Ke ce mai gaya wa mutum cewa abin da ya tafi ya tafi, sannan ki tsaya ki tsare masa sauran. Ba a taɓa manna hotonki a bangon asibitin nan ba, fitilar goshinki ma da zare kika ɗaure ta. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutun da ba ƙara a cikinsa. Mu kuma da muka rage, idan mun ga sai mun yi ihu kafin na kusa da mu ya ji, mu tashi mu rage da kanmu, ko mu matsa. Makulli na ƙofa ne. Kunnen da ya kwana biyu yana ƙara, ko yake ciwo, ko yake ruwa, a kai shi inda za a leƙa, a bar man girki a kicin.

Ranar Juma'a, ranarta ta ƙarshe, Girgiza ya zo da iyalinsa. Kumburin ya sace. Likita ya auna ya ce na daman ya yi asara mai yawa, na hagun ana iya riƙe shi. Ƙarar tana nan, ta dai ragu, yana barin fanka a kunne ta rufe masa ita in zai kwanta. Ana cikin magana jaririyar ta yi ɗan ƙorafi a bayan uwarta, ya waiwaya kafin kowa. Sista ta gani, ta juya tana goge tabarau ba dalili. Ya ce mata ya ma rabu da manyan sifikunsa biyu, don kada su ja shi. Ta ce wannan ne abin hankali na farko da ta ji daga gidansu.

Ta naɗe farin ƙyallen, ta cire fitilar goshi, ta sa kwalbar teburinta a jaka. Hannunta na kan makunnin wuta aka banko ƙofa. Wani dogon mutum ne da ba ta taɓa gani ba, ya karkatar da kai gefe, biro a maƙale a kunnensa ta ciki, yana magana kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Ya ce an ce masa nan ne ake ba da maganin ƙarar kunne, kuma a yi masa sauri, don ya samu wasu manyan sifiku biyu a hannun wani da ya tuba, gobe zai gwada su a taro.

Girgiza ya zame ya ɓuya a bayan matarsa. Sista Raɗa ta dubi agogo, saura minti ashirin a shekara talatin da ɗaya. Ta ajiye jaka, ta ɗaura fitilar, ta nuna kujerar bakin taga.