Baba Injiniya da Minti Goma Sha Ɗaya na Shiru

Ƙarfe shida na safe Baba Injiniya yake jingine kekensa a katangar gidan rediyonmu. Ba ya bi ta ƙofar gaba. Zagayawa yake yi zuwa ɗan ɗakin da ke gindin dogon ƙarfen eriya, inda na'urar watsa shirye-shirye take. Ya ɗora mata bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi, ya saurari ƙarar fankarta, ya leƙa man janareta. Sannan ya ciro wata tsohuwar rediyo mai batir da aka ɗaure murfinta da roba, ya kunna. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mun sha yi masa tsiya a kan rediyon nan. Mu ce, "Baba, kana bakin rijiya kana sayen ruwa?" Shi kuwa ya ce, "Ku a ciki kanku kuke ji. Ni abin da ya isa gidajen mutane nake ji."

Gaskiyarsa. Mu masu gabatar da shiri, abin da muke sawa a kunne daga teburin ɗakin yake ɗauko murya. Ko na'ura ta mutu a baya, jar fitila na nan a kunne, kana jin muryarka raɗau, kana ta zuba, alhali ko mai gadi ba ya jin ka.

Don haka Baba yake da wata ƙa'ida. Tasha na ɗaukewa zai duba agogo, tana dawowa ya sake dubawa. Kafin ya wanke hannu sai ya shigo ya tambaya, "Me kuka faɗa daga kaza zuwa kaza?" A wurinsa abin da aka faɗa cikin shiru ba a faɗe shi ba. Ba zan ɓoye ba, a farkon zuwana tambayar nan haushi take ba ni. Ina ji da kaina a lokacin, ina ganin mai gyara ya tsaya a gyaransa.

Wata rana da tsakar rana wani direba ya shigo a firgice da takarda daga asibiti. Matarsa ta haihu, ta zubar da jini, kuma irin nata ya ƙare a asibitin. Na karanta sanarwar neman masu ba da jini har sau uku. Ya yi godiya, ya koma ƙofar asibiti jiran masu zuwa. Na ja layi a takardar, na jefa ta cikin waɗanda aka gama, aka saka wani shiri da aka naɗa tun jiya.

Sai ga Baba, riga sharkaf da gumi, yatsunsa biyu sun tashi saboda ƙuna.

"Daga sha biyu da kwata zuwa da minti ashirin da shida ba kwa nan. Me kika karanta?"

Na ce, "Sanarwa ce guda ɗaya, Baba, kuma sau uku na maimaita."

"Bango kika karanta wa, 'yata. Ina takardar?"

Ya karanta, ya ɗago ya dube ni. Sai a lokacin na gane. Mutumin yana can yana jiran mutanen da ba su ji komai ba, ni kuwa har na fara tunanin abincin rana.

Shugaban shirye-shirye ya ce ba a katse shirin da ya fara, a bari sai labaran ƙarfe biyu. Baba bai ɗaga murya ba, ban ma taɓa jin ya ɗaga ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, matar nan ba ta san da jadawalinmu ba. Kuma fankar na'ura ce ta ƙone, ta ofishina na jona mata. Ban yi maka alkawarin za ta kai ƙarfe biyu ba." Ya tsaya a bakin ƙofa bai motsa ba har aka katse shirin.

Na sake karantawa. Ta gilashi ina hango shi a tsakar gida, rediyo a kunne. Sai da na kai ƙarshe ya gyaɗa kai, ya koma wurin na'urarsa. Kafin ƙarfe ɗaya mutum huɗu sun isa asibitin, jinin biyu ya dace.

Bayan mako guda direban ya dawo yana ta sa mini albarka. Kunya ta kama ni, na kai shi ɗakin baya. Muka tarar da Baba a kwance ƙarƙashin janareta. Ko fitowa bai yi ba, daga can ya ce, "Ka je ka gode wa masu jinin, ni fanka kawai na jona."

Baba, kai ne ba a taɓa jin muryarka a rediyo ba, amma ba a taɓa jin tamu ba sai da kai. In tasha ta ɗauke, kai ake kira da faɗa. In ta dawo, mu ake yi wa waya ana yabo. Ba ka taɓa cewa uffan ba. Ni dai na koyi aiki a wurinka fiye da yadda na koya a aji, kuma ina jin ciwon tafiyarka. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka huta cikin iyalinka da rufin asiri.

Mu da muka rage, a kowane irin aiki muke, kada mu tsaya a kan "ai na yi nawa". Mu bi sawu mu ga ko ya isa inda aka aika shi. Jaririyar da aka haifa ranar nan tana aji uku yanzu, kuma uwarta ce take kai ta makaranta.