Madubin Inna a Zauren Baba

Yau in aka ce yayana na cikin mutanenmu na farko da suka yi zurfi a ilimin hasken leza, dariya nake yi. Ni na san inda aka fara, kuma da madubin sata aka fara.

Babanmu malami ne a Illela, yana rubuta Alƙur'ani da ka. Shekarar da aka samu mulkin kai idonsa ya soma rauni, ga zaurensa da duhu, tagarsa ba ta fi tafin hannu ba. Waje ba ya zaunuwa, don warƙoƙin takardar ba a ɗinke suke ba, iska kaɗan sai ta watsa su. Fitila kuwa ya ce hayaƙinta na ɓata takarda. Aiki ya tsaya a Suratu Maryam, Baba ya zama mai saurin fushi.

A lokacin Yaya ya ci jarrabawar shiga makarantar gwamnati ta Sakkwato, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wata safiya Yaya ya ɗauke madubin da Inna ta sayo a Ƙwanni, ya kafa shi a kan turmi a tsakar gida, ya yi ta karkata shi har rana ta ratsa tagar nan ta sauka a kan takardar Baba.

"Mi na wanga?" in ji Baba.

"Rana ta, Baba. Na shigo maka da ita."

Baba ya jawo alƙalami. Ranar ya yi shafi uku.

Sai dai rana ba ta tsayawa, dole a riƙa juya madubi. Nan Yaya ya ga ya ɗaure kansa, don da maganar Sakkwato ta taso, Baba cewa ya yi, "In ka tahi, wa ka juya min rana?" Na tausaya wa Yaya ƙwarai, ko da yake na ɗan yi masa dariya.

Kwana da kwanaki yana zaune gaban turmi yana tsaga layuka a bakin turmin da wuƙa, wannan na hantsi, wannan na kusa da azahar. Inna, wadda tun farko take mitar an raba ta da madubi an kuma kashe mata turmi, tana kallonsa ta gefen ido. Ran nan ta ture shi, ta gyara madubin a kan layi, haske ya faɗa daidai. Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure.

"Malam, madubina na, ni ka juya abina. Bar yaro shi tahi."

Sai muka ji Baba ya ce, "Allah shi ba da sa'a."

Inna ce ta juya madubin nan, tsakanin girki da wanki, har Baba ya kai Nasi.

Bayan shekaru Yaya ya dawo daga ƙasar waje yana yi mana bayanin leza, wani haske siriri da ke tafiya sak ba ya bazuwa. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi, "To, can wa ka juya maka shi?"

Sai idon Yaya ya cika da ƙwalla.