Layin da na goge da ƙafata

Ni ne na yi kuskuren, ba tsohon ba. Na fara da wannan ne domin shekara bakwai na yi ina barin mutane suna faɗin akasin haka a gabana, ni kuwa ina gyaɗa kai. Abu ne da ba zai fita daga raina ba har ranar da za a sa ni a ƙasa.

A shekarun farko bayan samun ƴancin kai, ina aikin walda a wani gareji a Yamai. Maigidanmu wani Alhaji ne mutumin Maraɗi. Sai aka kawo masa aikin da kowa ya ƙi: wani ƙaton tankin ruwa na ƙarfe da za a kai wani gari a arewa. Tsawonsa ya kusa ninka tirelar da muke da ita. Alhaji ya ce mu ƙera tamu.

Mu uku ya ɗora wa aikin. Da ni, da direbanmu, wani Bagobiri mai surutu da ya san kowane rami na hanyar, da kuma wani tsoho Bazabarme daga unguwar Gamkalle ta bakin kogi, masassaƙin jiragen ruwa, wanda aka kira don ya sassaƙa katakon da tankin zai kwanta a kai. Kullum bayan la'asar mukan share ƙasa a gindin itacen bedi, mu zana tirelar da tsinke. Doka ɗaya muka kafa: layin da mutum ya ja, ba mai goge shi sai shi da kansa, in an gamsar da shi. Ni da na ɗan taɓa lekol, wato boko, aikina in kwashe abin da aka amince da shi a takarda.

Direba ya ce a sauke gadon tirelar ƙasa-ƙasa don kada kaya ya yi rinjaye a kwana, aka yarda. Na ce a ƙara tayoyi a baya, aka yarda. Sai tsohon ya tsuguna, ya ja wata ƴar da'ira daidai inda tayoyin baya za su haɗu da dogon ƙarfen gadon tirelar.

Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Nan kar a liƙe. A sa ƙusa babba guda, a bar shi yana wasa."

Direba ya fashe da dariya, ya fara wasan nan na Gobirawa da Zabarmawa. "Kai Bazabarme, jirgin kamun kifi ka ji an ce za a yi? Bawana, tashi ka kawo mini shayi."

"Bagobiri, uban wa ya koya maka magana a gaban ubangijinka? Saurara. Dogon jirgi, ɓari biyu ne muke ɗinkewa da igiya a tsakiya. In ka ƙage shi ya sandare, ruwa ya ɗaga kai ya sauke gindi, sai ya tsage. In hanyarka ta shiga kwari, gaba ya gangara, baya yana tudu, ina ƙarfen zai sa kansa?"

Direba ya sosa ƙeya, ya ce wallahi akwai kwari uku irin wannan a hanyar. Alhaji ya ce a yi yadda tsoho ya ce.

Ni kaɗai abin bai kwanta mini ba. Na yi shekaru a ƙarƙashin wani Bature makanike, ina ji da kaina. Ta yaya mutumin da bai taɓa riƙe sandar walda ba zai koya mini ƙarfe? Amma ban buɗe baki na yi musu ba, don na ga kowa ya koma bayansa, kuma ina tsoron a kayar da ni a gaban jama'a. Da suka tashi, na sa ƙafa na murje da'irar. Ba wanda ya gani.

Ƙusar dai na sa ta, don a gan ta. Amma ranar da tsohon ya tafi sunan jikarsa, na shiga ƙarƙashi na liƙe mahaɗar da farantan ƙarfe biyu, na shafe da baƙin fenti. A raina ina cewa taimakonsu nake yi.

Ranar tafiya da hantsi mutane suka cika bakin hanya suna kallo. Muka wuce kwari na farko lafiya, na biyu ma haka, har na fara murmushi ni kaɗai. A na uku, kan motar ya gangara, bayan yana sama, sai muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga. Direba ya tsaya, ya sauko, ya ce bari ya leƙa. Na san abin da ke ƙarar. Ina tsaye taku biyar daga gare shi. Da na ce masa kada ya shiga, da sai na faɗi dalili. Na yi shiru, ya durƙusa.

Ƙarfen ya ɓalle gaba ɗaya. Tankin ya karkata, ya sauka a kan ƙafarsa ta dama. Har yau in na ji an yar da ƙarfe a ƙasa, kukansa nake ji. Sai wajen azahar muka zaro shi, bayan mutanen ƙauyen kusa sun zo da gatura da itatuwa. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Da aka tambayi inda ya karye, kowa ya nuna mahaɗar tsoho. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi karatu, ka ga irinta ko?" Na ce, "Ƙaddara ce, Alhaji." Aka kawo ɓaraguzan gareji, tsohon ya zo ya durƙusa, ya daɗe yana shafa wurin da hannu. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya tafi.

Labari ya kai bakin kogi cewa hannun tsoho ya lalace. Masunta suka daina ba shi aiki, ya koma noman salati a lambu. Direba kuwa, da ba ya iya wuce shi sai ya tsokane shi, ya daina ko ambatonsa. Ni aka ɗaga, aka ce ni ne babban mai walda. Na ci, na sha, na yi ƙiba a kan sunan wani.

Wata safiya, bayan shekara bakwai, direban ya shigo gareji yana dogara sandar ƙarfe ɗaya, ɗayar a hannu ta karye. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗan'uwa, liƙe mini wannan. Duk garin nan hannunka kaɗai na yarda da shi."

Na karɓa. A nan na gane cewa in mutane sun haɗa kai a kan aiki, wanda bai yarda ba ya faɗa a fili, ko da za a yi masa dariya. Gyaran ɓoye ba gyara ba ne, cin amana ne, kuma wani ne ke ɗaukar nauyinsa a jikinsa.

Na ce masa ya hau bayan kekena, akwai inda za mu. Bai so ba da ya ga mun nufi Gamkalle. Muka tarar da tsohon yana ban ruwa, bayansa ya ranƙwafa. Na share ƙasa da tafin hannu, na zana tirelar, na ja da'irar a inda take. Sannan na sa ƙafa na murje ta a gabansu, na faɗi komai, har shirun da na yi a bakin kwari.

Direba ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Tsohon ya ce, "Na taɓa waldar da hannuna tun ranar. Amma wa zai bar maganar mai takarda ya ji ta mai jirgi?"

Na durƙusa a cikin laka tsakaninsu, na ce, "Baba, layinka daidai ne, ni na goge shi. Na ci sunanka, na ci sana'arka. Kai kuma ɗan'uwana, ƙafarka tana wuyana. Ba ni da abin mayar muku. Gobe zan tsaya a gareji da bakin kogi in faɗa da bakina. Don girman Allah, ku yafe mini."