Ranar da "var" ta tashe ni daga kan kwamfuta

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandare, na shiga wata makarantar koyon kwamfuta a Samaru lokacin dogon hutu. Mu uku ne a kan inji ɗaya, kuma ni ce mai bugawa, don ba na surutu.

Akwai abin da ke damuna a yaren kwamfutar da muke koyo. In za ka ƙirƙiri abu, sai ka faɗi nau'insa sau biyu a layi ɗaya: Daliba d = new Daliba(). Kamar a ce wannan akuyar akuya ce. Kunya ta hana ni tambaya a aji, sai na tambayi yayana da ke jami'a. Ya ce a sabuwar fitowar yaren, "var" kawai ake sa wa a farko, injin ya gane sauran da kansa. Muka gwada a kwamfutarsa, ya yi. Na bi aikin rukuninmu na gyara kowane layi, ina ta jin kaina.

Ranar nuna aiki ga iyaye, mahaifiyata ta rufe shagonta a kasuwar Sabon Gari ta zo, ta zauna a gaba. Na danna, sai jan rubutun kuskure ya cika allon kwamfutar. Ashe injin makarantar tsohuwar fitowar yaren yake ɗauke da ita.

Malaminmu ya leƙo, ya karanta da ƙarfi. Harshensa bai kama "v" ba.

"Bar? Mene ne bar? Lalaci ne ya sa kika ƙirƙiro yarenki? To ki bar mana kujerar."

Aji ya fashe da dariya. Wani yaro ya ce, "Hajiya Bar, a bar mana!" Amsar tana bakina, amma idona na kan allin da ya ɓata hannun rigar malam. Na tashi. Wani ya zauna ya nuna aikin wani rukuni.

A bas, mahaifiyata ta ce, "Ke ma dai. Ki rubuta sau biyun mana, hannunki ne zai karye?"

Na yarda cewa ban gwada a injin makarantar ba. Amma tambaya ɗaya ce ta gagari malam: "A ina kika ga wannan?" Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta zo da abin da bai sani ba, sai ya kira shi lalaci a gaban uwarta.