Wanda Zai Hana Ka Ba Ya Sa Maka Rana

Shekarun baya can, zamanin Turawa, na gama makarantar midil na dawo Falgore ina ta hura hanci, wai ni mai jin Turanci. Na nemi aikin malamin gona, aka ce za a yi mana gwaji a Karaye. Ana saura kwana uku sai ga takarda: Baturen gona ya yi "fospon" na gwajin, sai Litinin ta biyu bayan ƙaramar Sallah.

Kalmar na san ta sarai, ɗage abu ne zuwa wani lokaci. Amma ni ɗan gida ne. A wajenmu in babba ya ce maka "a bari tukuna", ya hana ka ke nan, kunyarka kawai ya ji. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wani abokina yana shirin tafiya fataucin goro Kurmi, na ce ya tafi da ni.

Mahaifiyata tana kaɗi na je na gaya mata. Ko bihim ba ta sani ba, amma ta ajiye mazari ta ce in karanta mata da Hausa. Na karanta.

"Ya faɗi rana?"

"Ya faɗa, Inna. Amma ai kin san maganar manya."

"Kai dai bokon nan bai tsinana maka komai ba. Wanda zai hana ka ba ya sa maka rana. Ba inda za ka."

Abokina ya tafi ya bar ni ina ta kumbure-kumbure, har tuwo na yi wa yaji, na wuni ɗaya.

Ana gobe ranar na kama hanya a ƙasa, don dai in dawo in ce mata "kin gani?" Na kwana gidan kawuna a Karaye. Da hantsi sai ga Bature a gindin tsamiya, da tebur, yana kiran sunaye. Mu shida ya kira, mu biyu muka amsa. Sauran duk irin fassarata suka yi, wani ɗan Kurugu har ya tafi cin rani. Da na ji sunana sai na dinga hamdala a zuci. Aka yi gwajin, aka ɗauke ni. Aikin da na ci abinci da shi har tsufa ke nan.

Har gobe in aka ce min an ɗage abu, ba na fushi, sai in tambaya, "Zuwa yaushe?" Turancin nawa ne, amma Inna ce ta karanta takardar. Allah ya jiƙanta.